Sadaka Daga Asusun Ritaya a Amurka: Ta Ina Kuɗin Za Su Bi Don Kada Haraji Ya Taɓa Su?

Tambayar ta fito ne daga wani dattijo mazaunin Amurka. Shekararsa 73, ya yi ritaya, uwargidansa tana da 68. Yana da asusun IRA, wato ajiyar ritaya ta ƙashin kansa, yana kuma da 401(k), wato ajiyar ritaya ta wurin aiki, daga wurin aikin da ya bari. Bana doka ta tilasta masa fara cire kuɗi, shi kuwa yana so ya ba masallacin unguwarsu dala 10,000, sannan ya aika wani abu gida a haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyensu. An gaya masa wai in ya ciro kuɗin ya yi sadaka da su, harajin ya goge kansa. Yana so ya san ko haka ne.

Alhaji, Allah ya karɓa, ya ƙara girma. Abin da aka gaya maka rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka bari shi ke sa mutane asara. Hukumar haraji ta IRS tana duba hanyar da kuɗin suka bi kafin su isa masallaci. In sun fara sauka a asusunka na banki, kuɗin shiga ne, za a lissafa su a kanka, sadakar kuma sai ka nemi rangwamenta daban, wanda yawanci ba ya samuwa cikakke. In kuwa sun tashi daga IRA kai tsaye da sunan masallacin, ba za a lissafa su cikin kuɗin shigarka ba sam. Wannan hanya ta biyu ita ake kira QCD. Dokar fansho ta 2006 ce ta kawo ta na wucin gadi, aka yi ta sabunta ta har Majalisa ta tabbatar da ita a Disamba 2015.

Bari mu sa lambobi, don a nan bambancin yake fitowa fili.

A ce IRA ɗinka yana da dala 318,000 a ranar 31 ga Disambar bara. Cirar dole, wato RMD, ana samun ta ne ta raba wannan adadi da lambar da IRS ta ware wa shekarunka. Ga mai shekara 73 lambar ita ce 26.5, don haka dole ka fitar da dala 12,000 bana. In ka ciro su duka zuwa banki, ka rubuta wa masallaci cek na 10,000, kuɗin shigarka sun ƙaru da 12,000. To yaya za ka zaftare sadakar? Mai biyan haraji yana da zaɓi biyu: ya karɓi rangwamen bai-ɗaya da ake ba kowa, ko ya jero kashe-kashensa ɗaya bayan ɗaya a Jadawalin A. A shekarar 2026 rangwamen bai-ɗaya na ma'aurata dala 32,200 ne, ana ƙara 1,650 ga kowannensu da ya kai 65. Ke nan kai da Hajiya kuna da 35,500 ba tare da kun nuna rasit ko ɗaya ba. Sadakar 10,000, ko ka haɗa ta da harajin gida da na jiha, da wuya ta kai nan, musamman ga wanda ya gama biyan bashin gidansa. Sai ka ɗauki na bai-ɗaya, sadakar ta tashi ba ta rage maka komai ba, in ban da ɗan sassaucin da ya fara aiki a 2026: wanda bai jero ba yana iya zaftare tsabar kuɗin sadaka har dala 1,000, ma'aurata 2,000. Saura 8,000 za ka biya haraji a kansu alhali ba su kwana a hannunka ba. A matakin kashi 12 cikin ɗari dala 960 ke nan, a matakin kashi 22 kuwa 1,760.

Ta hanyar QCD, 10,000 sun tafi masallaci, an lissafa su cikin cirar dolenka, saura 2,000 ka karɓa ka biya harajinsu. Rangwamenka na 35,500 yana nan daram. Har ma kana iya ba da wata sadakar ta 2,000 daga aljihu ka ci wancan sassaucin.

Ko ga wanda yake jerowa, hanyar farko ta ƙara rauni. Dokar da aka sa wa hannu a 4 ga Yuli 2025 ta ce daga 2026 ba a ƙirga rabin kashi ɗaya cikin ɗari na farko na kuɗin shiga a sadaka, wato mai 100,000 ya rasa 500 na farko. Akwai kuma tsohon rufin nan na kashi 60 cikin ɗari na kuɗin shiga ga sadakar tsabar kuɗi, abin da ya haura sai a ɗauke shi zuwa shekaru biyar masu zuwa. QCD ba ruwanta da waɗannan.

Abin da mutane suka fi rainawa, ni kuwa na fi ba shi nauyi, shi ne lambar da ake kira AGI, jimillar kuɗin shiga kafin a cire rangwame. Rangwamen sadaka yana zuwa ne a ƙasan wannan lamba, bai rage ta. QCD kuwa tana hana kuɗin shiga cikinta tun farko. Abubuwa da dama a rayuwar ɗan ritaya sun rataya a kan wannan lamba.

Na farko fanshon Social Security. Ana ɗaukar sauran kuɗin shigarku a haɗa da rabin fanshon. In ma'aurata suka wuce 32,000, har rabin fanshon yana iya shiga haraji, in suka wuce 44,000 har kashi 85 cikin ɗari. Ga marar aure iyakokin 25,000 da 34,000 ne. A cikin wannan tazara, kowace dala da ka ciro daga IRA tana iya jawo santi 85 na fansho zuwa haraji. Cirar 10,000 sai ta zama 18,500 a takarda, harajin kashi 12 a kanta ya zama 2,220. Mutum yana ganin yana matakin kashi 12, a zahiri yana biyan sama da 22.

Na biyu kuɗin inshorar lafiya ta Medicare. A 2026 kuɗin wata na sashen B dala 202.90 ne, amma ma'auratan da kuɗin shigarsu ya haura 218,000, ko marar aure 109,000, ana ɗora musu ƙari da ake kira IRMAA. Wannan ƙari ba a hankali yake hawa ba. Dala ɗaya ka haura, matakin gaba ɗaya ya hau kanka, sama da dala 80 a wata ga kowane mutum, ban da na magunguna. Kuma shekara biyu baya ake dubawa, don haka abin da ka ciro a 2026 shi zai yanke kuɗin 2028. Na uku sabon rangwamen dattawa na dala 6,000 ga kowane mai 65, wanda zai yi aiki daga 2025 zuwa 2028: yana fara narkewa da kashi 6 cikin ɗari na abin da ya haura 150,000 ga ma'aurata, 75,000 ga marar aure. Jihohi da yawa kuma daga AGI na tarayya suke fara nasu lissafin, har da irin Ohayo wadda ba ta da jadawalin jero sadaka, don haka a can QCD ce ke sa sadaka ta rage harajin jiha.

Sharuɗɗan ba su da yawa, amma ba a sassauta ko ɗaya.

Shekaru: dole ka cika 70 da rabi a ranar da kuɗin suka fita. Rana ake dubawa, ba shekara ba. Wanda aka haifa 10 ga Maris ya cika 70 bana, sai 10 ga Satumba zai iya. In ya yi a Agusta, cira ce ta yau da kullum. Lura cewa wannan shekara daban take da ta cirar dole, wadda take 73 ga waɗanda aka haifa daga 1951 zuwa 1959, 75 ga 'yan 1960 zuwa sama. Wato mutum yana iya fara QCD shekaru kafin a tilasta masa cira, kuma yin hakan yana rage jimillar da za a riƙa rabawa nan gaba. Hajiya mai 68 ba ta kai ba tukuna, kuma shekarunka ba sa yi mata aiki a nata asusun.

Adadi: har dala 111,000 ga mutum ɗaya a 2026. Shekaru da dama 100,000 ne, daga 2024 aka fara ɗaga shi da tsadar rayuwa, ya zama 105,000, sannan 108,000 a 2025. Kowane ɗaya cikin ma'aurata da nasa rufin, daga nasa asusun.

Asusu: IRA kaɗai. Na gargajiya, ko wanda aka juyo daga wurin aiki, ko wanda aka gada muddin magajin da kansa ya cika 70 da rabi. Asusun SEP da SIMPLE, wato IRA da ake buɗewa ta wurin aiki, suna yi ne kawai in mai ba da aikin bai zuba komai a cikinsu a shekarar ba. Roth, wato IRA da aka biya harajin kuɗinsa tun kafin a zuba, ba ya da amfani a nan, tunda kuɗinsa dama ba haraji a kansu, gara a bar shi.

Nan ne batun 401(k) ɗinka ya shigo, kuma ina so ka tsaya a kansa. Ba a yin QCD daga 401(k), haka makamancinsa 403(b). Sai an juye kuɗin zuwa IRA tukuna. Amma tunda ka shiga shekarar cirar dole, 401(k) yana da nasa RMD daban, wanda dole ya fita daga cikinsa, ba a juye shi, kuma QCD da ka yi daga IRA ba ta biya masa. Asusun IRA ko guda nawa gare ka ana haɗa cirar dolensu a ɗebe daga ɗaya, amma 401(k) ba ya shiga wannan haɗin. Tsarin da ya dace: ka karɓi RMD na 401(k) na bana ka biya harajinsa, ka sa a juye ragowar kai tsaye daga kamfani zuwa kamfani kafin 31 ga Disamba, baɗi sai duk cirar dolenka ta zama ta IRA, wadda kake iya karkatarwa zuwa sadaka. Kada ka yarda a rubuta cek ɗin juyewar da sunanka kai kaɗai, don dole za a riƙe kashi 20 cikin ɗari na haraji, kuma kwana 60 gare ka ka cike giɓin daga aljihu. Wanda har yanzu yake aiki a wurin da 401(k) ɗin yake ya dakata ya yi lissafi, domin yawanci ba a tilasta masa cira sai ya bar aikin, juyewa kuwa tana kawar da wannan jinkiri.

Sai mai karɓa. Dole ta zama ƙungiyar jinƙai ta jama'a da aka kafa a Amurka ƙarƙashin sashe na 501(c)(3). Masallatai da coci-coci suna ciki. Abubuwa uku an cire su ƙarara: asusun DAF, wato wanda mutum ke ajiye kuɗin sadaka ya riƙa ba da shawarar rabonsu daga baya, da gidauniyar iyali mai raba tallafi, da ƙungiyar da aka kafa don tallafa wa wata ƙungiya kawai. A shafin IRS akwai wurin binciken ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji. Ka sa lambar EIN ta ƙungiyar, wato lambar shaidarta ta haraji, ka duba alamar da ke gabanta. PC, wato ƙungiyar jinƙai ta jama'a, ita kake nema. PF, wato gidauniyar iyali, ko SO, wato mai tallafa wa wata ƙungiya, ka tsaya. Wuraren ibada doka ba ta tilasta musu rajista ba, don haka masallaci yana iya zama halastacce bai fito a jerin ba. In haka ne ka nemi takardar kafuwarsa da EIN daga kwamiti, don wasu kamfanonin asusu suna tambaya. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ake kafawa a Niyok ko Hustan su ne suka fi buƙatar bincike: wata kulob ce ta zumunci, wata ba ta taɓa rajista ba, wata ta yi amma ta shekara uku a jere ba ta miƙa fom 990 na rahoton shekara ba, IRS ta soke ta kai tsaye, shugabanninta ma ba su sani ba.

Rijiyar ƙauye fa? Gaskiyar da ba daɗi ita ce, kuɗin da aka aika kai tsaye ga ƙungiya, masallaci ko makarantar da ke Najeriya, Nijar ko Gana ba sa samun rangwame, ba sa zama QCD. Haka abin da aka tura wa ɗan'uwa ya tsaya a kan aikin, komai kyawun aikin. Ƙasashe ƙalilan ne, Kanada da Meziko da Isra'ila, ke da yarjejeniyar da ta buɗe wata ƙofa, namu ba sa ciki. Hanyar da take aiki ita ce ƙungiyar Amurka mai rajista wadda take gudanar da ayyukan ruwa a ƙasashenmu. Kana iya cewa a sa kuɗinka a shirinta na rijiyoyi, amma ikon yanke inda za su tafi dole ya kasance a hannunta. In ta zama bututu kawai, ka zuba a nan ya fito a hannun wanda ka zaɓa a can, IRS tana ɗaukar kyautar a matsayin ta ƙasar waje. Kada ka roƙi ma'ajin masallaci ya karɓi QCD ya tura wa ƙanenka a gida. Hakan ya ɓata naka lissafin, ya kuma jefa rajistar masallacin cikin haɗari.

Shawarata ita ce ka raba aljihu biyu. Rabon masallaci da duk wata ƙungiya mai rajista ya fito daga IRA. Rabon gida ya fito daga ajiyar banki, ko Roth, ko daga RMD na 401(k) wanda dama ba makawa sai ka biya harajinsa. Rijiyar ba ta rasa komai ba, kai kuma ba ka biya harajin da ba dole ba. In abin da ka ba mutum ɗaya a shekara ya haura dala 19,000 (adadin 2026), akwai fom 709 da ake cikewa, kodayake yawanci ba a biyan komai.

In niyyarka zakka ce, ka haɗa tambayoyi biyu. Ta malamai: ko zakka ta hau asusun, da kuma ko wurin da za ka ba yana cikin kasoshi takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba, tunda mafi yawan malamai ba sa sa ginin masallaci a ciki. Ta haraji: ko mai karɓa ƙungiya ce mai rajista. Asusun zakka na masallaci ko na ƙungiyar agaji, wanda kwamiti ke rabawa da kansa, yana cika duka biyun. Da zarar ka ce a ba wane ɗan wane, ta fita daga QCD.

Sharaɗin da ya fi kama mutanen kirki shi ne kada ka amfana da komai. A sadaka ta yau da kullum, in ka biya dala 500 na walimar tara kuɗi, abincin ya kai 60, ana zaftare 440. A QCD ba haka ba ne, tikitin abincin nan yana ɓata kyautar gaba ɗayanta. Don haka kada ka biya teburin walima da ita, ko kuɗin makarantar Islamiyya na jikoki, ko kujerar Umara da masallaci ya shirya, ko kuɗin zama mamba na asusun jana'iza wanda ke ba ka haƙƙin kabari. Waɗannan ka biya daga aljihu da cek daban. Alkawarin da ka ɗauka a gaban jama'a daren tara kuɗi kuwa, ba laifi ka cika shi da QCD.

Lokaci yana da nasa tarko. Dalolin farko da suka fita daga IRA a shekara su ake lissafawa a matsayin cirar dole. In ka karɓi 12,000 ɗinka a Fabrairu, ka zo ka yi QCD ta 10,000 a Nuwamba, ita QCD ɗin tana nan ba haraji, amma ba ta goge 12,000 na farko, kuma ba a mayar da RMD cikin asusu. Ka fitar da 22,000 ke nan, ka biya haraji a kan 12,000 maimakon 2,000. Wanda ya sa a riƙa turo masa kuɗi kowane wata ya lura, kowane turi yana cin rabon. Ka fara da sadakar, sannan ka karɓi ragowar. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, don haka wanda ya saba yin alherinsa a Ramadan ya dace da wannan tsari ba tare da ya sauya al'ada ba.

Ga yadda ake yi a aikace. Ka kira kamfanin da ke riƙe da IRA ɗin, ko ka shiga shafinsa, ka nemi fom ɗin QCD. Za su buƙaci cikakken sunan ƙungiyar kamar yadda yake a rajista, wanda sau da yawa ya bambanta da sunan da ke jikin allon masallaci, da adireshi, wani lokaci da EIN. A wurin riƙe haraji ka zaɓi sifili, domin in ka bar shi a yadda yake suna iya riƙe kashi 10, masallaci ya sami 9,000, dubu ɗayan kuma ta zama cira mai haraji. Cek ɗin dole a rubuta shi da sunan ƙungiyar. An yarda a aiko maka shi gida ka kai da hannunka, kuma ni na fi son haka, saboda cek ɗin da kamfani ya aika kai tsaye sau da yawa yana isa ba sunan mai bayarwa a jiki, ma'aji ya rasa wa zai rubuta wa takardar shaida.

Wasu kamfanonin suna ba da littafin cek na IRA ka riƙa rubutawa da kanka. Yana da sauƙi, amma kuɗin ba sa fita sai ranar da aka kai cek ɗin banki ya wuce. Ma'ajin masallaci ɗan sa-kai ne, yana da nasa aikin. Ka miƙa masa cek bayan sallar Juma'a ta ƙarshen Disamba, ya sa a aljihun jaka, ya kai banki 4 ga Janairu. A takardun kamfani ba abin da ya fita bara, wato ba ka cika RMD ba, in ban da na shekarar cirar farko, wanda wa'adinsa ya kai 1 ga Afrilun shekarar gaba. Tarar ita ce kashi 25 cikin ɗari na abin da ya rage, tana sauka zuwa 10 in an gyara cikin shekara biyu, kuma ana iya roƙon yafiya ta fom 5329 da bayanin dalili. Kada ka wuce Oktoba, kuma ka duba asusun ka ga kuɗin sun fita da idonka.

Ka karɓi takardar shaida daga ƙungiyar kafin ka miƙa takardun harajinka. Ta ƙunshi sunanka, adadi, rana, da jimlar da ke cewa ba a ba ka kaya ko hidima a madadin kyautar ba. Doka tana neman ta ga duk kyautar dala 250 zuwa sama. Rasit ɗin da ba wannan jimla a ciki bai isa ba, kuma kotun haraji ta sha ƙin karɓar sadaka ta gaskiya saboda rashinta.

Asara mafi yawa tana faruwa ne a watan Maris ko Afrilu, a teburin mai cika takardu. Fom 1099-R da kamfani zai aiko zai nuna 12,000 a matsayin abin da ya fita. Daga 2025 an ƙirƙiro alamar Y a akwati na 7 don nuna QCD, amma kada ka dogara da ita. A fom 1040, layi na 4a ya ɗauki 12,000, layi na 4b ya ɗauki 2,000 kawai, sannan a nuna cewa QCD ce. A tsofaffin fom ana rubuta haruffan uku ne a gefen layin, a sabo akwai akwatin da ake yi wa alama. In ba ka gaya wa akantanka ba, zai kwafe 12,000 a layukan biyu, duk wahalar ta tashi a banza. Kada kuma a sake sa 10,000 ɗin a Jadawalin A, cin riba biyu ke nan. Wanda ya gano an yi masa wannan kuskure a baya yana da shekara uku daga miƙa takardun ya gyara da fom 1040-X ya karɓi kuɗinsa.

Abubuwa biyu da ba kowa suka shafa ba. In ka ci gaba da ɗan aiki kana zuba kuɗi a IRA na gargajiya kana zaftare su bayan ka shiga shekarar 70 da rabi, dokar 2019 ta ce za a rage wannan adadi daga QCD ɗinka. Ka zuba 7,000, ka yi QCD ta 10,000, 3,000 ne kawai za su kuɓuta. Mai son yin QCD ya zuba a Roth. Na biyu kuwa alheri ne: in a cikin IRA akwai kuɗin da ka riga ka biya wa haraji, waɗanda ake bi da fom 8606, QCD tana fara ɗiba daga ɓangaren da ba a biya wa ba, ta bar maka wankakkun.

Ga wanda bai kai 70 da rabi ba, ban ga dalilin taɓa asusun ritaya don sadaka ba. Ƙasa da 59 da rabi akwai tarar kashi 10 na abin da aka cira, ƙari a kan haraji, kuma sadaka ba ta cikin uzurorin da ke ɗauke ta. Mai hannun jari a asusun da ba na ritaya ba, wanda ya riƙe fiye da shekara ɗaya kuma ya yi daraja, ya miƙa hannun jarin kansa ga ƙungiyar: ba harajin riba, kuma in yana jerowa zai zaftare darajarsa ta ranar, har kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shiga. Wata dabarar ita ce haɗa sadakar shekara biyu ko uku a shekara ɗaya don ta haura rangwamen bai-ɗaya.

Tunda kana tunanin sadaka mai gudana, ka duba fom ɗin magada na asusun. Shi ke yanke inda IRA zai tafi bayan rai ya yi halinsa, ba takardar wasiyya ba. 'Ya'yan da suka gaji IRA yawanci dole su kwashe shi cikin shekara 10 suna biyan haraji a kan kowace dala, sau da yawa a lokacin da albashinsu ya fi tsoka. Ƙungiyar jinƙai kuwa tana karɓa ba haraji. Gida da hannun jari na waje suna isa ga magada da darajar ranar rasuwa, ribar baya ta goge. Don haka in za ka yi wasiyya da wani abu, daga IRA ya fi dacewa ya fito, a rubuta shi da kaso cikin ɗari, a auna shi da dukiyar gaba ɗaya don kada ya haura sulusin da shari'a ta iyakance. A 401(k) doka ta ba matar aure haƙƙin asusun, sai Hajiya ta sa hannu a gaban mai shaida na hukuma kafin a rubuta wani, kuma a jihohi irin Tekzas da Kalifoniya, inda dukiyar aure ta tarayya ce, ko a IRA ma ana neman yardarta. Wannan ɓangare ka zauna da lauyan gado da malami, kowa ya duba nasa, kafin ka sa hannu.